Saƙon da Ya Kwana a Rabah

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Luba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga ɗiyarsa, ina roƙon Allah Ya sa wagga takarda ta iske ki kin sauka lafiya, kin samu masauki mai kyau da maƙwabtan kirki. Allah Ya tsare ki bisa hanya da bayan hanya, Ya raba ki da mugun ji da mugun gani.

Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan Innarki za ta ishe ki da shi ta waya. Tun ranar da kinka nuna mani takardar ɗaukar aiki, na ga ke za ki riƙa kula da sabobin imel na ma'aikatarku da rassanta, nike son mu zauna. Sai dai kin san halina, in na fara da baki sai in ɓige da labarin janareta. Shi ya sa na rubuta. Abin da ke cikin littafi kin fi ni saninsa, kuma na'urorin da na yi aiki da su yau babu mai kunna su. Abin da nike da shi wanda ba ki da shi, wuraren da na yi tuntuɓe ne. Su zan nuna maki, don in kin kawo wurin ki ɗaga ƙafa.

Kina ƙarama lokacin da nike jami'in kwamfuta a shirin nan na tallafa wa manoman rani. Hedikwatarmu tana Sakkwato, muna da ofis a nan Wurno, da Rabah, da Goronyo kusa da madatsar ruwa. Kowane ofis shina da sabarsa, wato babbar kwamfutar da ke karɓar wasiƙun ma'aikatan wurin, ta aje masu nasu, ta miƙa na wasu ga 'yar'uwarta. Wurno da Rabah suna magana da hedikwata ta eriya bisa dogon ƙarfe, hanya mai kyau. Goronyo kuwa farantin tauraron ɗan'adam gare ta, siririyar hanya ce, hadari na haɗowa sai ta ɗauke.

Kuskurena na farko, na tara sabobin duka cikin rukuni guda. Na ce ai ma'aikata ɗaya ce, Darakta ɗaya, mi za a raba? Gaskiyar magana ita ce hakan ya fi mani sauƙi. Na san sarai sabobin da ke rukuni guda suna ɗaukar juna kamar 'yan ɗaki ɗaya, kowace ta samu saƙo sai ta tafi kai tsaye ga wadda za ta ba, ba jira, ba sallama. To sai ga Wurno da Rabah da hedikwata duk suna cunkusa kai cikin siririyar hanyar Goronyo lokaci guda. Wata rana anka yi bikin nuna amfanin gona, wani ma'aikaci ya aika wa kowa da kowa hotuna. Hanyar ta toshe. Malam Ɗahiru, shugaban ofishin Goronyo, mutum mai haƙuri da tsare aiki, ya kira ni.

"Malam Haliru, mi ya hana rahotona fita? Darakta na ta nema."

Na duba, na ce mashi rahotonsa na tsaye bayan hoton wani bijimi.

Ya ce, "To a gaishe da bijimin."

Na raba su. Waɗanda hanya mai ƙarfi ta haɗa na bar su tare, Goronyo na fitar da ita rukuninta, na yi mahaɗa tsakaninsu, na sa iyaka ga girman saƙon da zai bi ta da rana. Aiki ya gyaru nan take. Amma ban gaya wa kowa dalili ba, sai labari ya isa Goronyo cewa an ware su. Malam Ɗahiru ya ji zafi ƙwarai, har ya faɗa wurin taro cewa an mai da ofishinsa saniyar ware. Sai da na tafi takanas na zauna da shi, na zana mashi abin a ƙasa da tsinke, kafin ya yi dariya ya ce ashe gata anka yi masu.

Don haka, Luba, in kin zo haɗa sabobi rukuni-rukuni, kada ki dubi sunayen manya ko wane ke ƙarƙashin wane. Hanyar da ke tsakaninsu za ki duba: wace ta ɗore, wace ke yankewa, wace ke ɗaukar kaya. Ki auna da kanki, da safe da rana, da rani da damina, kada ki tsaya ga abin da mai sayar da hanyar ya ce. Ko an ce maki yanzu sabobin suna wata ƙasa ba ki ganinsu da ido, tambayar ba ta canza ba. In kuma za ki raba, ki gaya wa mutane tun kafin su ji a bakin wani. Na'ura ba ta jin haushi, amma mai ita shina ji.

Na biyu shi ne babba, kuma don shi na ɗauki alƙalami.

Bayan wani lokaci anka kafa muna sabuwar eriya tsakanin Goronyo da Rabah. Sauri gare ta kamar mi. Daɗi ya kama ni, na juya duk saƙonnin Goronyo su riƙa bi ta Rabah, sabar Rabah ta miƙa hedikwata, hedikwata ta rarraba. Har nan babu laifi. Laifin shi ne na goge tsohuwar mahaɗar da ke bi ta faranti. Farantin na nan, shina aiki, ba wanda ya ce in taɓa shi. Da na bar mahaɗar na ɗora mata lamba mai nauyi, da saƙo ba zai bi ta ba sai ranar da sabuwar ta faɗi. Amma ina son in buɗe allo in ga abu tsaf, hanya guda, ba tarkace. Na goge ta ina jin na yi tsafta.

Ƙarshen damina ne. Mutanenmu sun yanke shinkafa a fadama, dammuna na jibge ba a kwashe ba, wasu har sun sauko da injinan ban-ruwa bakin gulbi don yafin albasa. Ruwa ya cika a madatsa, masu kula da ita sunka sanar a kan lokaci cewa za su buɗe ƙofofi. Al'adarmu ita ce Malam Ɗahiru ya rubuto wa malaman gona na Wurno, su kuma su zagaya fadama da mai shela, domin wanda ke cikin gona ba rediyo yake saurare ba. Malam Ɗahiru ya rubuta, ya aika, ya ga saƙo ya bar sabarsa. Ya hau babur ya shiga ƙauyukan da ke kusa da shi da natsuwar ya sauke nauyi.

Saƙo ya isa Rabah lafiya. Ashe iskar da ta riga ruwan saman ranar ta karkatar da eriyar Rabah mai kallon Sakkwato. Sabar na kunne, lafiyarta lau, ta karɓi saƙon, ta nemi hanyar gaba ta rasa. Da tsohuwar mahaɗar na nan, da ta mayar da shi Goronyo ya bi ta faranti ya iso. Babu ita. Sai ta aje shi cikin layi tana jira. Ni kuwa ina hedikwata ina gyaran firintar Darakta, ban leƙa layin ba, don tun da anka kafa sabuwar eriya ban taɓa ganin abu ya tsaya ba, sai na daina dubawa.

Wanshekare da hantsi ruwa ya iso. Allah Ya rufa asiri da rana ne, mutane na gani, ba a rasa rai ba. Waɗanda sunka ji ta rediyo ko ta bakin 'yan kasuwa sun kwashe nasu. Sauran sunka shiga ruwa har ƙugu suna jan injina. Dammunan shinkafa kuwa sai kallo. Cikin waɗanda abin ya shafa har da yayana, Baffanki Isa. Na iske shi da la'asar zaune bisa tudu, wandonsa jiƙe, injinsa kife gefensa ana tsiyaye ruwa. Na gaishe shi, na yi mashi jaje, ya amsa.

Can ya ce, "Haliru, an ce takardar ruwa ta taso Goronyo tun jiya."

Na ce, "Haka ne, Yaya."

"Ina ta tsaya?"

"Rabah."

Ya juyo ya dube ni. Ba faɗa a fuskarsa, tambaya ce kawai ta mai son ya gane. "Mi ya kai takardar Wurno Rabah?"

Ina da amsa irin ta ofis, amma babu wadda zan iya faɗa gaban mutumin da abincin gidansa na shekara ya bi gulbi. Na ce, "Ni na bi da ita can." Ya gyaɗa kai, ya ce Allah Ya kiyaye gaba, ya tashi ya kama injinsa. Bai sake tayar da maganar ba har yau, kuma kin san duk kaka sai ya aiko muna da shinkafa. Wannan ya fi mani zagi ciwo.

Da safe na shiga wurin Darakta kafin ya neme ni. Mutane sun fara cewa Malam Ɗahiru ne bai aika da wuri ba, na san in na yi shiru maganar za ta zauna kansa. Na nuna wa Darakta lokacin da saƙon ya fita, da inda ya kwana, da abin da na goge. Ya yi faɗa, faɗan da na cancanta. Sannan ya ce, "To yanzu mi za mu yi?" Daga ranar munka kafa doka: duk sanarwar da ta shafi ruwa, bayan imel sai an ji muryar wanda anka aika wa, in waya ta ƙi a tashi babur.

Ga abin da nike so ki riƙe daga wannan. Kada ki bar wuri da hanya guda, kome kyawonta. Ta biyu ko gurguwa ce ki bar ta, ki sa mata nauyi ta zauna jiran ranarta. Kuma kada ki yarda tana aiki don kin gan ta bisa allo. Ki zaɓi lokacin da aiki ya yi sauƙi, ki sanar da mutane, ki kashe babbar hanyar da hannunki, ki aika saƙo ki ga ko ya isa. Sabar da kinka sa bakin ƙofar rukuni, wadda kowa ke bi ta kanta, ki yi mata abokiya. Layin jira kuwa ki leƙa shi kina isa ofis, ki leƙa kafin ki tashi, ko da an yi wata da watanni ba a ga kome ba. Kuma ki koya wa mutanenki cewa "ya fita" daban, "ya isa" daban. Ki san kuma mi ke bi ta hanyoyin da kike riƙo. Ni da ina ganin saƙonni ne kawai, duk ɗaya. Ba ɗaya ba ne. Wani gaisuwa ce, wani shinkafar mutane ce.

Kuskure na uku ɗan na biyu ne. Tsoro ya kama ni, na ce ba za a sake ba. Wata Juma'a da safe na zauna na buɗe hanyoyi ta ko'ina, wannan ta bi nan, in ta ƙi ta bi can, duk a zama guda. Cikin gaggawa na gaya wa sabar Rabah cewa duk wasiƙar da za ta fita wajen ma'aikata ta miƙa wa hedikwata, na kuma bar wani tsohon saiti a hedikwata mai cewa irin wagga wasiƙa a miƙa wa Rabah. Na rufe, na tafi masallaci, daga can na wuce Sisawa ɗaurin auren ƙanen Innarki. Saƙonni sunka shiga kai da kawowa tsakanin sabobin biyu, wannan ta jefa wa waccan, waccan ta maido, har su gaji su komo wa mai su da cewa ba a samu hanya ba.

A Rabah akwai Malam Garba, mataimakina, wanda ya san aikin ƙwarai. Ya gane matsalar tun kafin la'asar. Amma ba shi da ikon taɓa kome, don kalmar sirri ta manyan saituna ni kaɗai na riƙe. Ina ganin hakan tsare amana ne. A Sisawa lokacin babu sabis. Sai ga shi bisa babur, ya iske ni cikin taro ina cin tuwo.

Ya durƙusa ya gaida dattawa, ya matso ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, abin da ya kawo ni layi ɗaya ne za a goge. Da ina da mabuɗi da ban taso ba."

Kunya ta rufe ni. Ba zargi ya yi ba, gaskiya ya faɗa.

Saboda haka in abu ya ba ki tsoro, kada ki yi gyara da tsoron. Ki bari zuciya ta kwanta. Ki canza abu ɗaya, ki gwada ta kowace fuska, ciki da waje, sannan ki taɓa na gaba. Kafin ki taɓa, ki san yadda za ki mayar da shi yadda yake. Kada ki yi babban canji ranar da za ki bar gari, ko auren wa za a ɗaura. Kuma ki raba iko. Kowane reshe ya samu mutumin da kinka yarda da shi, mai mabuɗi daidai aikinsa, ba fiye ba, ba ƙasa ba. Ma'aikacin da ya ce in babu shi kome zai tsaya, ba gwani ba ne, bai gama aikinsa ba ne. Kada ki ji tsoron wanda kinka koya wa zai ture ki. Wanda na koya wa bai taɓa rage ni da kome ba.

Na ƙarshe ƙarami ne a ido, amma shi ya fi daɗewa bai warke ba. Lokacin da nike kwance waccan cakwakiya, dole na bi saƙonnin da sunka maƙale ɗaya bayan ɗaya ina sake tura su. Ban buɗe ko guda ba, Allah shaida. Amma sunan mai aikawa da wanda anka aika wa da kan magana duk suna fili. Nan na ga Malam Garba ya rubuta wa wata ma'aikata a Kaduna shina neman aiki. Na tura mashi abinsa ya tafi. Bayan 'yan kwanaki muna shan shayi da wasu abokan aiki, sai bakina ya suɓuce, na ce cikin raha, "Malam Garba, in an kira ka Kaduna ka tuna da mu."

Ya aje kofinsa. Ya ce, "Ashe karanta wasiƙunmu kake yi."

Na rantse ban buɗe ba, kan magana kawai na gani. Ya ce, "Wanda ya gani ya yi shiru, shi ne bai karanta ba."

Labari ya bazu. Mutane sunka daina rubuta abu mai muhimmanci ta imel ɗin ofis, sunka koma aika takarda ta hannun direba, hanyoyin da na sha wahalar gyarawa sunka zama na gaisuwar Juma'a. Malam Garba bai samu aikin Kaduna ba, ga shi Darakta ya ji cewa shina neman tafiya, abin ya ja mashi sanyin fuska a ofis. Na je har gidansa a Rabah na ba shi haƙuri gaban mahaifinsa. Ya yafe, don ɗan halak ne, amma sai da shekaru sunka juya kafin mu koma cin abinci kwano ɗaya.

Luba, aikinki zai sa ki ga abin da ba ki nema ba. Za ki san wa ke rubuta wa wa, wa ke neman canjin wuri, wa ke jinya a ɓoye. Ki ɗauka ba ki gani ba, har gaban mijinki in Allah Ya kawo shi, har gabana. In wani babba ya ce ki buɗe mashi akwatin wasiƙun wani, ki ce cikin ladabi ya kawo umarni a rubuce daga inda doka ta ce. Zai ji haushi ranar, amma shi ma daga baya zai kwana da sanin nasa akwatin na hannun da ba ya buɗuwa.

Kada waɗanga labarai su sa ki ɗari-ɗari. Ban rubuta su don ki ji tsoron aikin ba. Bayan su na yi shekaru masu yawa saƙo bai sake kwana a hanya ba, har na aje aiki da mutuncina. Ke kuwa kin fara daga inda ban kai ba. Na ga yadda kike bin matsala, ba ki gaggawa, ba ki jin kunyar cewa ban sani ba. Wataƙila ki iske ɗakin maza ne zalla, wani ya ɗauka shayi kinka zo kawowa. Kada ki yi gardama da shi. Ki gaishe shi, ki zauna kujerarki, aiki zai gabatar da ke. Ki girmama na gaba da ke, ki kyautata wa masu gadi da masu kula da janareta, ki tsare sallarki a kan lokaci ko saba na ci da wuta.

Za ki yi naki kuskuren, wanda ba ya cikin takardar nan. Ranar da ya zo, ki riga kowa faɗarsa, ki gyara, ki wuce. Kuma kada ki jira yabo. Mai wanga aiki ba a tuna shi sai ranar da abu ya ɓaci. In shekara ta zagayo kinka ji wani a reshe shina tambaya wai wa ke kula da imel ɗin nan ne, bai ma san sunanki ba, to ki gode wa Allah, kin iya.

In za ki zo gida ki taso da sassafe, ki shiga motar tasha, kada ki bari yamma ta yi maki a hanya. Innarki na gaishe ki, da ƙannenki, da Baffanki Isa. Allah Ya tsare ki gaba da baya, dama da hagu. Ya ba ki shugabanni masu adalci da abokan aiki masu amana. Ya sa albarka cikin abin da za ki samu, Ya kare ki daga haram, Ya maido muna da ke lafiya. Na yafe maki duniya da lahira, Allah Ya yi maki albarka.

Wassalam.

Mahaifinki,
Haliru
Wurno